Layi na Ɗaya a Rajistar Agnes

Ranar Asabar, ashirin da biyar ga Nuwamba, 1978, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, Agnes tana zaune a tsakar gidansu na haya a Fagge, tana ja wa sabuwar rajistar jam'iyya layi da rula. Wata biyu ke nan da soja suka ɗage takunkumin siyasa, jam'iyyu sun tsiro kamar ciyawar damina, ita kuwa ta ba da kanta ga wata mai alamar tsani, aikin sa kai, ko kwabo ba a biyanta. A ranar za a yi bikin godiyar girbi a filin wata makaranta a Sabon Gari, kuma an ba jam'iyyar rumfa guda kusa da masu tsire.

Mahaifinta, Malam Gidiyon, mutumin Wusasa, tsohon akawun jirgin ƙasa, shi ya koya mata rubutu mai kyau. Shi kuma ya koya mata cewa ba a sa sunan yaro gaba da na babba. Don haka da ta gama raba shafin gida uku, suna, titi, lambar gida, sai ta yi murmushi ta cike layi na ɗaya da kanta: Veronica Nwabueze, da titinta, da lambar gidanta. Mama Veronica ita ce mahaifiyar Ifeanyi mai gyaran rediyo, wanda shekara biyu ke nan yana neman Agnes da aure. Tsohuwar ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Agnes ta ɗauka wannan girmamawa ce da za ta sanyaya mata rai.

Su huɗu ne a rumfar. Malam Gana, Banufe tela, shi ne shugaba, yana riƙe da lasifika yana yi wa jama'a alkawarin famfo da kwalta. Yagana, maƙwabciyar Agnes, tana maƙala wa mutane bajin jam'iyya a riga ko sun so ko ba su so ba. Ifeanyi ya haɗa lasifikar da batirin mota, yana kuma fassara wa tsofaffi da Ibo. Agnes na kan tebur da rajista. Lokacin kuɗin mai ne: sababbin Honda jere a bakin katanga, a wajen gwanjo kuma an sayi akuya guda a farashin saniya, aka tafa.

"Oga injiniya," in ji Yagana, "waya ɗaya sau huɗu kana gyara ta. Lasifikar ce ba lafiya, ko teburin Agnes ne ke da maganaɗisu?"

Ifeanyi ya ce ta ji da bajinta, tunda ta maƙala wa limamin coci guda biyu. Agnes ta sunkuyar da kai tana dariya.

Wajen ƙarfe ɗaya matan zumunta suka wuce cikin anko, kowacce da kwanon doya a ka. Mama Veronica, da ke cikinsu, ta tsaya ganin ɗanta. Agnes ta zagayo ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta juya mata rajistar.

"Mama, duba. Ke ce ta ɗaya."

Karatun Mama ba shi da zurfi, amma ta san sunanta, ta kuma san lambar ƙofarta. Ta sauke kwanon a hankali. Ta daɗe tana kallon shafin, har Malam Gana ya kashe lasifika.

"Wa ya ce ki rubuta gidana?"

Agnes ta fara bayani, tsohuwar ba ta saurara ba. Ta juya ta yi wa ɗanta magana mai tsawo da Ibo, murya ƙasa ƙasa. Sannan ta koma Hausa, don yarinyar ta ji da kunnenta: "Hannun da ya rubuta ƙofata a littafi ba zai buɗe ta ba." Ta bar doyar a nan ta tafi.

A bayan rumfa Ifeanyi ya gaya mata abin da bai taɓa gaya mata ba. Mahaifinsa shi ne magatakardan ƙungiyar 'yan garinsu a Sabon Gari, yana da littafi irin wannan sak: suna, titi, lambar gida. A shekarar tashin hankali, 1966, littafin ya faɗa hannun da bai kamata ba. Aka bi gida gida ana karanto sunaye. Shi da uwarsa sun samu jirgin ƙasa sun gudu Gabas, uban bai samu ba. Bayan yaƙin basasa Mama ta dawo Kano don nan ta iya kasuwa, amma ko kuɗin zumunta ba ta yarda a rubuta da adireshinta.

Agnes ta yi kuka har gaban rigarta ya jiƙe. Da ta share ido sai ta nemi reza wajen Malam Gana. Ya ce shafukan suna da lamba, ofis ba ya karɓar rajista mai rami. Ta ce a ɗora laifin a kanta. Ta ɗora rula, ta yanke layi na ɗaya, siriri kamar zare. Ta yagi wata takarda ta yi rubutu, ta bi Mama har rumfar abinci ta mata, ta durƙusa a gaban kowa.

"Mama, ga naki, babu kwafinsa ko'ina. Wannan kuma nawa ne: sunana, da na babana, da gidanmu a Fagge, ɗaki na biyu daga rijiya. Yanzu ke kika san ƙofata. Taki kuwa na manta da ita, sai ran da kika kira ni."

Mama ta karɓi takardun biyu ba tare da ta dube ta ba, ta ɗaure a bakin zani.

A satin Ifeanyi ya zo Fagge ransa a ɓace, ya ce su je a ɗaura musu aure a kotu, in ya so uwarsa ta huce daga baya. Agnes ta ƙi. Ta ce ba za ta shiga gida ta taga ba. Malam Gidiyon, da yake jin su daga kujerarsa, ya ce ciwon da ya yi shekara goma sha biyu ba ya warkewa da "sori" guda.

Don haka kowace Asabar Agnes takan je kasuwar Sabon Gari, inda Mama ke sayar da manja da garin rogo. Ta durƙusa ta gaishe ta, ba a amsa ba, ta sayi kwalba guda ta tafi. Manja ya taru a gidansu har Yagana ta ce su buɗe shago. A Asabar ta goma sha ɗaya Mama ta karɓe kwalbar daga hannunta, ta ce wannan na baƙi ne, ta ɗauko wata daga ƙarƙashin tebur. Iyakar maganar ke nan. A rumfunan jam'iyya kuwa Agnes ba ta ƙara rubuta gidan kowa ba sai ta tambaye shi ko yana so.

Asabar ashirin ta yi. Ranar Litinin ta Ista, sha shida ga Afrilu, 1979, da ƙarfe goma da minti arba'in, aka yi sallama a ƙofa. Mama Veronica ce, da ƙanen mijinta Innocent ɗauke da ƙwaryar goro. Tun shekarar gudu ba ta taka Fagge ba. Takardar Agnes na hannunta, ta yi laushi don ninkewa; da ita ta yi ta tambayar hanya, wani mai goro ya rako su har zaure.

"Ɗaki na biyu daga rijiya," in ji ta. "Ba ki yi ƙarya ba, 'yata."

Ta kwance bakin zani, ta fito da siririyar takardar nan, ta sa a tafin Agnes.

"Ki rubuta wannan a katin biki, da rubutunki mai kyau. Har da lambar. Mutane su san inda za su zo cin shinkafa."

Yara, ku riƙe wannan: kyakkyawar niyya ba ta hana a taka wa mutum gyambo. In kun taka, kada ku tsaya gardamar niyya. Ku durƙusa, ku yi haƙuri, har mai ciwo ya miƙo hannu da kansa.

Jam'iyyar tsani ba ta ci ko kujera ɗaya ba, ta watse. Malam Gana ya koma Bida da keken ɗinkinsa. Malam Gidiyon ya rasu bayan ya ga jika. Mama Veronica ta cika a ɗakinta, kanta a cinyar Agnes. Waɗanda suka rage su ne: Yagana, a Fagge, da bakinta, Ifeanyi, da idonsa ɗaya ya yi rauni, Agnes, 'ya'yansu uku, da rajistar nan a ƙasan akwati, mai rami a layi na ɗaya.