Dambun Naman da Bai Bi Nuray Ba

"Maliki, mahaifiyarka ba ta so na!"

Na taka burki a gefen titin Kawo, a Kaduna. Nuray ta haɗa kai da gilashin mota, hawaye na bin kumatunta. Daga Turkiyya ta zo yawon buɗe ido, ni ne direban da aka haɗa ta da shi. Sati biyu ta shirya yi, ga shi ta shiga wata na huɗu, ta iya cin tuwo da hannu, tana Hausa ana dariya. Ni kuwa tuni na mutu a kanta.

"Haba masoyiyata, wa ya faɗa miki?"

"Na sumbaci hannunta yadda muke yi wa manya a gida... ta fizge, ta gudu ɗaki! Na ce ta ba ni labarin yarintarka, ta ce wai ba ta san komai a kanka ba!"

Wallahi dariya ta so kama ni. Ni ne ɗan fari. Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" take ce min. Ina kuma ga matar da wancan zai aura?

"Kunya ce, Nuray. Haka ake yi a nan."

"Kowa haka yake ce min, kunya, kunya! Kullum ni kaɗai a tabarma, a turo min abinci da Delu ƙanwarka. Uwata ta rasu ina ƙarama, Maliki... uwa na zo nema a gidanku."

Nan dariyar ta maƙale. Bayan wannan rana na roƙi Inna har sau uku ta zauna da ita ko na minti biyar. Sai ta ja mayafi ta rufe baki.

"Kai wancan, ba ka da ta ido? Surukar tawa?"

Nuray ta ce za ta koma ƙasarsu, ranar Talata na kai ta filin jirgi.  Da za ta shiga ta ce, "Ina son ka. Amma ba zan iya zama baƙuwa har abada ba." Ba ta waiwayo ba.

Na dawo gidanmu a Unguwar Shanu da la'asar, zuciyata kamar an yashe ta. Na tarar da Inna tsaye a zaure, inda ban taɓa ganin ta tsaya ba, rungume da wani kwano a ƙirji. Idanunta sun yi ja.

"Ta tafi?"

"Ta tafi, Inna."

Ta dubi kwanon.

"Dambun nama ne... kwana biyu ina yi mata, ta ci a hanya. Sau uku ina fitowa da shi da safe." Muryarta ta karye. "Ban san yadda zan miƙa mata ba."