Kunnen Sallau Bakanike

Ku gyara zama, ku rage fitilar. Ba na maimaita magana.

Sallau ɗan ƙanin mahaifina ne. Garejinsa yana gindin wata tsohuwar tsamiya a hanyar Ɓaɓura, kuma duk arzikinsa a kunnensa yake. Idan mota tana misin, wato inji yana tsallake bugu yana karkarwa, Sallau yakan ɗora tsinin sukundireba a kan inji, ya kafa kunne a ƙotar. Nan take zai faɗa maka ko fulogi ne ya mutu, ko waya ce ta tsage, ko ruwa ne ya shiga fetur.

Aibinsa gaggawa. Ruwan lagireto, yana tafasa, yakan sheƙa shi a saiwar tsamiyar, ba bismilla, ba neman a kauce. Na sha yi masa faɗa. Yakan yi dariya ya ce, Yaya, boko bai raba ki da camfi ba.

Wata ranar Laraba, rana na shirin faɗuwa, wata baƙar mota ta tsaya a gabansa. Ba ta tayar da ƙura ba. Mace ce ke tuƙi, lulluɓe da mayafi. Ta fito ta ce motar tana misin, ya duba. A kujerar baya akwai yarinya kwance, an naɗe mata fuska da ƙyalle.

Ya saurara. Lallai inji yana tsallake. Ya duba kwayil mai ba fulogi wuta, lafiya. Ya shinshina fetur, babu gauraye. Sai ya koma ga dabarar masu sana'ar: a zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya inji na aiki, wadda aka zare ƙara ba ta sauya ba, nan cutar take.

Ya zare ta farko. Ƙara ba ta sauya ba. Ya zare ta biyu. Haka. Bai ankara ba sai ga wayoyin duka a hannunsa, inji kuwa yana ci gaba da bugawa.

Ya sunkuyar da kai. A ƙarƙashin zanen matar, kofato ne.

"Hajiya," in ji shi, "wannan ya fi ƙarfina."

"An ce ba abin da ke wuce kunnenka. Kafa shi."

Hannunsa ya ɗaga sukundireban ba da sonsa ba. A cikin ƙarfen ba inji ya ji ba. Kukan yarinya ya ji, yana yankewa, yana dawowa.

"Tana barci a gindin tsamiyar nan, gidanmu, ka zuba mata ruwan zafi," in ji matar. "Ta yi ta kuka a ƙarƙashin ƙafarka. Ka ji tarin ƙarfe, ba ka ji nata ba. To, yanzu za ka ji."

Da ya ɗago, ba mota, ba sawun taya.

Tun daga ranar, kowane inji ya saurara, misin yake ji, da kukan nan a ciki. Ya kwance lafiyayyun motoci yana neman cutar da babu. Direbobi suka watse. Ya tsufa yana toshe kunne da auduga, ko babur ne ya wuce sai ya durƙusa yana neman gafara. Ba ta yafe ba.

Saboda haka kada in ga ɗayanku ya zubar da ruwan zafi bai ambaci sunan Allah ba. Kuma in hanya ta kai ku Ɓaɓura, kada wanda ya tsaya shi kaɗai a inuwar tsamiyar nan. Ku tashi ku kwanta.