Watan da Baba Ya Gani

"Ke nan kin zaɓa, Raliya?" Hamadou ya tambaye ni, yana tsaye a ƙofar shagonmu na kasuwar Mont-Bouët, makullin mota a hannunsa.

Na ci gaba da ninke atamfa, hawaye na ɗiga a kanta.

Shekarun nan ne kuɗin fetur ya cika Libreville, ko'ina gini, ko'ina ƙarar manyan motoci. Hamadou, ɗan Damagaram, ya samu aikin tuƙi can garin Port-Gentil mai nisa, har da ɗaki. So yake a ɗaura mana aure mu tafi. Ni kuwa mahaifina, Malam Ɗan'azumi, idonsa ya rufe bayan rasuwar Inna, ba shi da kowa sai ni.

Kafin ya makance, Baba ne mai duban wata a unguwarmu. Ina ƙarama yakan riƙe hannuna mu je bakin teku da magariba. Ya nuna min jinjirin wata kwance kamar kwalekwale, Zara a gefensa. Ya nuna min baƙin tabon da ke fuskarsa, wanda ba ya taɓa sauya wuri. Idan wata ya cika, ruwa ya hauro har gindin kwakwa, daga baya ya janye ya bar jiragen masunta a taɓo. Yakan yi dariya ya ce a Kano ya yi furfura bai san wata na jan ruwa ba.

Da idon ya tafi, ni na zama mai duba masa.

"Masoyiyata..." Hamadou ya sassauta murya. Ya ce maƙwabciyarmu Ƙulu ta yarda za ta riƙa kula da Baba. Na ce ya yafe ni, ba zan iya ba. Ya juya ya tafi. Ashe Baba na bayan labule, duk ya ji.

Ranar sha huɗu ga wata, bayan sallar magariba, muna zaune a tsakar gida, sai Baba ya ɗaga kai sama.

"Raliya, idona ya fara washewa... Ga shi can ya cika. Ga tabon nan kamar shatin lalle a tafin hannu. Har ya kafa sansani."

Ya nemi hannuna ya riƙe.

"Kin ga ke nan zan iya da kaina. Ki bi yaron nan, 'yata."

Na ɗaga kai. Hadari ya rufe sama ruf, ko tauraro ɗaya babu.

"Na gani, Baba," na ce. "Ya yi kyau."

Na toshe bakina da mayafi don kada ya ji kukana.

Da safe na samu Hamadou a tasha na gaya masa komai. Idonsa ya yi ja. Sai ya biyo ni gida, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Baba. Ya ce ɗakin can ɗaya ne, amma zai raba shi da katako, kuma ba amarya kaɗai ya zo ɗauka ba.

Baba ya ƙi. Ya kawo zancen shago, ya kawo kabarin Inna, ya ce ina aka taɓa jin suruki ya tare da amarya? Hamadou bai tashi ba. Can Baba ya juyo wajena.

"Hadari aka yi jiya ko, 'yar nan?"

"Har da yayyafi, Baba, bayan ka shiga."

Ya yi dariya har hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

Aka ɗaura aure a masallacin kasuwa, aka bar wa Ƙulu shago. Jirgin ruwanmu ya tashi da hantsi, ruwa a cike, Baba na zaune tsakaninmu rungume da butarsa.

A Port-Gentil aka binne Baba. Amma Allah ya ara masa kwana har na haifi Abdulƙahar. Ranar suna Hamadou ya ɗora masa jaririn a cinya. Baba ya bi fuskarsa da yatsu a hankali, goshi, hanci, haɓa.

"Wannan kam," ya ce, "na gan shi."