Goron Da Aka Kai Gidan Kawu

Huseina tana zaune a kan benci a ƙofar ɗakin kwamitin bincike, hannunta na dama ɗaure da karan ɗori, hawaye na sauka a kan hijabinta. Marainiya ce, uwa da uba duk sun riga mu gidan gaskiya, abin da ya rage mata a duniya shi ne aikin sharar titi da ƙaramar hukuma ta ɗauke ta. Kuma tana son aikinta. Da sassafe take share layinta a bakin Kasuwar Singa, masu shago su yi mata sannu, mai ƙosai ta ɗan miƙo mata na ɗanɗano, ta koma gida tana gode wa Allah. Yau kuwa aikin nan ake shirin raba ta da shi...

Shugaban masu shara, Oga Abdulmuminu, shi ya tare ta wata safiya ya ce ta ajiye tsintsiya ta ɗauki buhun shinkafarsa ta kai masa gida Fagge. "Oga, ka yi haƙuri in ƙarasa layina, motocin kaya sun fara shigowa," ta ce a hankali. Sai ya fizge tsintsiyar mai doguwar ƙota ya maka mata. Ta kare fuskarta da hannu, ƙashi ya karye.

Ta kai ƙara wurin Hajiya Sa'adiya mai kula da ma'aikata, aka kafa kwamiti. Abdulmuminu ya rantse santsi ne ya kwashe ta a bakin kwata, sharri kawai take masa. Comfort, abokiyar aikinta da aka yi abin a gabanta, ta sunkuyar da kai ta ce ba ta ga komai ba, don tana da yara a Sabon Gari da ba su da kowa sai ita. A gida ma babu sauƙi. Kawunta ya tare ta yana tauna goro. "An zo an ba da haƙuri, na karɓa, magana ta mutu. Ke wace ce da za ki ja da manya?"

"Kawu, cewa suke ƙarya na yi... korata za su yi."

"To su kore ki mana."

Tana cikin tuna wannan, tana cewa "Ya Allah, kai ne gatana," sai ga Malam Hamzat, dattijon da ke limanci a masallacin ofis, ya zo wucewa yana dogara sanda.

"'Yar nan, kukan me kuma? Ba an gama maganar nan ba?"

"Baba, Oga ya ce bai taɓa ni ba."

Tsohon ya tsaya cak. Sai ya cire takalmansa, ya yi sallama, ya shiga ɗakin inda Hajiya Sa'adiya take zaune da Abdulmuminu da Comfort, Huseina na biye da shi.

"Hajiya, ni ban ga duka ba," in ji shi. "Amma Abdulmuminu ya same ni bayan la'asar ya ce hannunsa ya yi ɓarna, in je in ba kawunta haƙuri. Da hannuna na ɗauki goron. Yaushe aka fara aika dattijo ban haƙuri a kan santsin kwata?"

Abdulmuminu ya yi zumbur ya miƙe. "Haba Malam! Ai wannan maganar gida ce, ba ta ofis ba. Mun riga mun kashe ta."

Hajiya Sa'adiya ta cire tabarau ta dube shi. "Ashe dai akwai maganar da aka kashe."

Nan Comfort ta fashe da kuka, ta faɗi duk abin da ta gani, tana riƙe da gefen hijabin Huseina tana cewa, "Ƙanwata, ki yafe mini, tsoro ne..."

Aka sallami Abdulmuminu daga aiki, aka kuma ɗora masa jinyar hannun. Kawu kuwa ya daɗe ba ya iya haɗa ido da ita.

Ranar da ta koma bakin Singa, ta tarar Comfort ta riga ta share mata rabin layi. Huseina ta karɓi tsintsiyarta da hannun hagu, ta yi bisimilla. Mai ƙosai ta ɗago kai ta ce, "'Yar gari, ina kika shige? Zo ki karɓa tun da zafinsa."