Ranar da Inna Ta Leƙa Madubin Likita

Firji ne ya haɗa su. Na ɗakin gwaje-gwajen asibiti ya daina sanyi, aka kira mai gyara, wani siririn saurayi da kowa ke ce wa Injiniya, alhali ko ƙofar jami'a bai sani ba. Yana durƙushe ya ɗaga kai, sai ya ga kwalabe jere a kanta, kowace da ɗan nama cikin ruwa.

"Wannan fa?"

"Ƙari ne da aka yanko daga jikin marasa lafiya," in ji budurwar da ke gaban madubin likita, ko juyowa ba ta yi ba. "A nan ake duba ko kansa ce."

Sifana ta suɓuce masa. Sai a lokacin ta juyo ta yi dariya, wushiryarta ta bayyana. Aikin minti ashirin ya ci masa awa uku, kuma a makon nan sau huɗu ya dawo duba firjin da lafiyarsa lau.

Likita yake ce mata. Ta gaji da faɗa masa ita ma'aikaciyar gwaji ce, ta bar shi. Wata rana ya rubuta mata:

"Likitata, me kike gani a madubin nan da ya fi ni kyau?"

Ta amsa: "Ƙwayoyin jiki, Injiniyana. Ɗaya tana rabuwa ta zama biyu, haka mutum ke girma. Amma kafin ta rabu akwai masu gadi a cikinta da ke duba aikin. In da kuskure a gyara, in bai gyaru ba ta mutu. In masu gadin suka lalace, sai ta yi ta rabuwa ba tsayawa. Kansa ke nan."

Sau biyar ya karanta. Ya rubuta, "Na gane sarai, zumata." Ƙarya yake.

Ranar da ya kai ta gaida Innarsa, an karɓe ta hannu bibbiyu har zuwa lokacin da aka tambayi aikinta. Da jin kansa, Inna ta ɗaure fuska. Ciwon nan ne ya ɗauke yayarta, ita ta yi jinyarta wata takwas. Kafin ya dawo daga rakiya saƙo ya shigo:

"Na hango ana zuba tafasasshen ruwa a kofin da na sha. Ban ji haushi ba, Injiniya, amma na ji ciwo."

Ya faɗa ɗakin Inna kamar an jefo shi.

"Mai wuni tana dama naman masu kansa ce za ta dafa maka abinci?" in ji Inna. "Ɗaya na binne, ba zan binne biyu ba."

"Inna, ba a ɗauka! Abin a jikin kowa yake, kullum yana rabuwa."

"Kowa yana da kansa ke nan?"

"A'a. Eh. Wato akwai masu gadi..."

"A asibitin?"

"A cikinki, Inna."

Ta daɗe tana kallonsa. "Yarinyar nan ta riga ta taɓa maka kai."

Mako biyu yana gyara firjin mutane yana manta sukurori. A ƙarshe Likita ta ce ya daina bayani, don Allah, ya kawo mata Inna kawai. Da ƙyar Inna ta yarda, ta zo sanye da safar hannu ta wanke-wanke har gwiwar hannu.

Likita ba ta nuna mata naman kowa ba. Ta ɗauko wani gilashi da ake koya wa ɗalibai da shi. "Saiwar albasa ce, Inna. Leƙa."

Inna ta rufe idon da ya kamata ta buɗe, aka gyara mata. Ta ga ƙananan ɗakuna jere kamar bulo, a cikin wasunsu zarurruka sun ja gefe biyu.

"Waɗancan rabuwa suke yi," in ji Likita.

Inna ta yi baya da sauri. "Innalillahi! Har albasa ta kamu? Buhu guda gare ni a gida!"

Injiniya ya dafe kai. A ransa ya ce shi ke nan, ya rasa mata, ya kuma rasa miya.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta nuna wani tabo a hannun Inna, sama da safar. "Me ya same ki a nan?"

"Murfin gwangwani."

"Wa ya ɗinke?"

"Ba kowa. Da kansa ya haɗe."

"Rabuwar nan ce ta cike shi. To da ya cika, me ya sa naman bai ci gaba da tashi ba har ya kai girman tulu?"

Inna ta shafa tabon. "An ce masa ya isa."

"Ya kuma ji. Na yayarki ne bai ji ba. Ba daga waje ya shigo mata ba, naman jikinta ne. Wata takwas kina wanke ta da hannunki, Inna. Kin ɗauka?"



"Ashe ɗan gida ne ya ƙi jin magana," in ji Inna a hankali. "Ni kuwa na ware mata kwano da cokali. Ta rasu tana ganin ƙyamarta nake."

Likita ta miƙa hannu. Inna ta dube shi, ta zare safar, ta riƙe.

A hanya Injiniya ya ce, "Inna, wai kin gane? Ni fa har yanzu masu gadin nan..."

"Kai dai ka tsaya a firji. Gobe ka kira mini kawunka."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Inna ta haɗa hannayensu ta ce, "Allah Ya ba ku zuriya mai yawa, mai jin magana. Allah Ya raba ku da jinya."

"Amin," in ji amarya.

Ango ya fi kowa ɗaga murya, don wannan kam ya gane.