Keken Inusa Mai Zogale

Ran Litinin da hantsi wani mutum ya faɗo kwamisariyar 'yan sanda ta Maradi yana huci, laka har gwiwa, ya dangwarar da takardar aiken kuɗi gaban Sufeto Gado.

"Ranka ya daɗe, ɓarawo nike so a kama mini. Sunana Inusa, daga Jiratawa."

Sufeto Gado ɗan Tsibiri ne, manomi kafin ya sa kaki, kuma ba ya son a yi masa ihu a buro, wurin aikinsa. Ya ce wa Inusa ya zauna.

Inusa zogale yake nomawa a fadama. Wata Hajiya Zalihatu ta yarda ta riƙa sayen ganyensa kullum, muddin ya iso Maradi da sassafe bai yi yaushi ba. In wata ya ƙare bai tsaya da ƙafarsa ba, wani za ta ba. Shi ne ya sayar da ragonsa, ya aika jika saba'in na sefa ga wani Hafizu da ke tallar kekuna a WhatsApp. Sati uku ke nan, ba keke, ba amsa.

"Kullum sai na aika mishi murya. Na roƙa, na zaga, shiru! Ya maido mini kuɗina kawai."

"Ina wayar?"

"Ai ni ƙarama gare ni. Ta yayana Ilyasu nike ara. Kekenshi ma nike ara, shekara bakwai."

Sunan da ke kan takardar ya kai su Sabon Gari. Hafizu na zaune bakin shagonsa yana ɗaukar hoton wani jan keke. Ɓarawo dai bai saba zama a fili haka ba.

"Ni? Wallahi na aika!" in ji Hafizu. "Tunda aka rufe iyaka keke ya yi wuya, amma na aika mishi wani baƙi, sabo fil, ran Talata huɗu ga wata. Wani direba, Maman, shi ya ɗauka. Na yi ta kira in ji ko ya iso, wayar ba ta shiga."

"Ƙarya kake!" Inusa ya zabura. Sufeto ya danne masa kafaɗa, ya karɓi wayar Hafizu. Tun daga wannan Talatar, ko murya ɗaya ta Inusa ba ta shigo ba.

A tasha suka sami Maman yana ɗaure buhuna a kan mota.

"Hannu da hannu na ba Inusa," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

"To ga Inusa. Gaishe shi."

Maman ya dubi Inusa, ya sake dubawa, ya sosa ƙeya.

"Kai... ba wanga ba ne. Wancan ya fi shi tsawo. Ya tare ni bakin hanya da hantsi, ya gwada mini hoton keken cikin wayarshi. Mi zan ce?"

Daga nan suka kama hanyar Jiratawa.

Ilyasu na zaune ƙofar gida, tsohon kekensa jingine da bango, an ɗaure sirdin da tsumma. Ya tarbe su da fara'ar da ta yi yawa.

"Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe. Ai na faɗa ma yaron nan, mutanen birni ba abin yarda ba ne. Daga sayar da ganye sai sabon keke? Ina laifin wanga nawa?"

Yaro! Mutum mai 'ya'ya huɗu.

"Ran Talata huɗu ga wata da hantsi, ina kake?" Sufeto ya tambaye shi.

"Ina gona ina ban ruwa, tun safe har azahar."

Sufeto ya juya ga Inusa. "Kai fa?"

"Ni ma ban ruwa nike. Talata ranata ce."

"Gonakinku kusa suke?"

"Gonar babanmu ce aka raba. Hanyar ruwa guda gare mu."

Nan Sufeto ya yi murmushi. Ɗan birni da ya wuce wannan magana, amma wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san ruwan fadama bi da bi ake ba da shi. Mutum biyu a kan hanyar ruwa ɗaya ba sa sha rana ɗaya, kuma mai rana ko gobara ake yi ba ya barin gonarsa.

"Malam Ilyasu, ruwan wa ka sha ran Talata? Ka tari direba ran nan ne don ka san ƙanenka ba zai ɗaga daga gona ba."

"Mantuwa ce, Laraba nike nufi."

"To. Ba ni wayarka."

Sufeto ya nemo sunan Hafizu Mai Keke, ya danna kira. Sai ga wata ƙaramar waya tana kuka cikin aljihun Ilyasu. Lambar Hafizu ya toshe, ya sa ta ƙaramar wayarsa a ƙarƙashin sunan. Sati uku Inusa na roƙon ɗan'uwansa, yana zaginsa, bai sani ba.

A rumbu aka sami keken, ƙarƙashin damman hatsi, ko ledar sirdi ba a cire ba.

"Ko hawanshi ba ka yi ba, Yaya," Inusa ya ce. "To don mi?"

Ilyasu ya dubi ƙasa, can ya fashe.

"Baƙin ciki ne, ba zan ɓoye ba! Ni na koya maka zogale, ni na kai ka wurin Hajiya, yanzu kai take nema. Gonarka ta fi tawa kore, kowa sai Inusa, Inusa. Abu guda ya rage mini: kullum da safe ka zo ƙofata ka gaishe ni ka ari keke. In ka samu naka, mi zai kawo ka?"

Inusa ya roƙi Sufeto a bar maganar a gida. Sufeto ya ce ƙara ta riga ta shiga takarda, sai dai ya zo buro gobe ya janye da kansa, ya kuma biya ta Sabon Gari ya ba Hafizu haƙuri.

Aka sa Ilyasu a bayan mota. Inusa ya biyo su har bakin hanya yana tura sabon keken, ya kasa hawa.

"Yaya!" ya kira. "Wallahi ba don keke nike zuwa gaishe ka ba."

Ilyasu ya rufe fuska da hularsa, motar ta tashi.