Direba da Kukan Bel

A wani gari, can da, an yi wani direba mai gaggawar tsiya. Wata rana altanetar motarsa, wadda ke yi wa batir caji, ta mutu. Ya sayo sabuwa ya ɗaura da kansa, amma ya bar bel ɗin da ke juya ta sako-sako.

"Ai zai zauna a hanya," in ji shi.

Ya ɗauki wata tsohuwa da kwandunan tumatirinta, suka nufi kasuwa. Bel ya fara kuka, ƙiii!

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, motarka na kuka."

Ya ce, "Bari in gyara, Inna." Ya kunna rediyo.

Can jar fitilar batir ta kama.

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, motarka ta yi jan ido."

Ya ce, "Bari in gyara, Inna." Ya rufe fitilar da hularsa, ya ƙure rediyo.

A tsakiyar daji, rana na dukan tumatir, rediyo ya mutu, mota ta bi shi. Wuri ya yi tsit.

Direba ya waiwayo yana murmushi. "Kin ji ko, Inna? Kukan ya daina."

Tsohuwa ta ce, "Sannu da aiki. To sauko ka ɗauki kwando."